Shin Ko Kun San? Tukwanen Mutanen Andis na Dā

Shin ko kun san cewa akwai al'ummar da ta yi shekaru dubbai tana gina birane da ɗakunan bauta da magudanan ban ruwa, amma ba ta bar wa na baya littafi ko guda ba? Mutanen tsaunukan Andis ke nan, a yammacin Amurka ta Kudu, inda ƙasashen Peru da Boliviya da Ikwado suke a yau. Ba su da haruffa. Lissafinsu da ƙulle-ƙullen zare suke yi, abin da suke kira kipu. Yadda suka ci, suka sha, suka yi yaƙi, suka yi jinya, mafi yawan labarin a jikin tukwane ya iso mana.

Shin ko kun san cewa gini ya riga tukunya a Peru? Birnin Caral, kimanin kilomita 200 arewa da Lima, yana da manyan daloli na dutse tun wajen shekara ta 2600 kafin haihuwar Annabi Isa (Alaihis Salam). Masaniya Ruth Shady ta duƙufa tono wurin tun 1994, amma tukunyar girki ba ta cikin abin da aka samu. Ƙwarya da gora su ne kwanonsu. A Huaca Prieta ma, a bakin teku, an tono ƙwarya mai zane wadda ta girmi kowace tukunya a yankin. Sai wajen 1800 kafin miladiyya ginin tukwane ya kankama a Peru.

Maƙwabtansu na arewa sun riga su da nisa. Mutanen Valdivia, a gaɓar tekun Ikwado, suna gasa yumɓu tun wajen 3500 kafin miladiyya, abin da ya sa tukwanensu ke cikin mafiya tsufa a nahiyar baki ɗaya. Emilio Estrada ne ya gano su a 1956. Suna karce jikin tukunya da farce ko bakin kumba tun tana ɗanya, kuma sun bar ƙananan siffofin mata masu gyararren gashi, kowace da irin nata. Wasu masana biyu daga Amurka, Betty Meggers da Clifford Evans, sun ce masunta ne daga Jafan igiyar ruwa ta kawo suka koya musu sana'ar. Yawancin masana sun yi watsi da wannan zance, kuma ina tare da su. Mutumin da ke da yumɓu da wuta da hannu ba ya bukatar baƙo daga ƙetaren teku kafin ya yi tukunya.

Kun san cewa tsohuwar shaidar shan koko a duniya a cikin tukunya aka same ta? A Santa Ana-La Florida, kudu maso gabashin Ikwado, gwajin da aka bayyana sakamakonsa a 2018 ya nuna ɓurɓushin koko a jikin tukwane masu shekara kimanin 5,300. Kafin nan yawancin masana na ɗauka daga yankin Meksiko shan koko ya faro.

Shin ko kun san cewa duk wannan aiki babu faifan nan mai gudu da magina ke ɗora yumɓu a kai? Hannu ne kawai. Wasu su murza yumɓu kamar igiya su yi ta naɗawa har bango ya tashi. Wasu su riƙe dutse mai santsi daga ciki, suna bugun waje da ɗan katako har jiki ya yi siriri ya daidaita. Wasu kuma su danna yumɓun cikin mazubi. Ruwan gilashin nan da ke sa tangaram ƙyalli shi ma ba su san shi ba sai da Sifaniyawa suka zo. Sheƙin da ake gani a jikin tukwanensu guga ne: kafin yumɓu ya gama bushewa sai a ɗauki tsakuwa mai laushi a yi ta gogawa, layi bayan layi, har jiki ya koma sumul. Wanda ya matsa kusa da gilashin gidan tarihi zai ga sawun tsakuwar a kwance, kamar jiya aka ɗaga hannu.

Akwai wata buta da arewacin Peru ya yi suna da ita. Bututu biyu ne ke tashi daga kafaɗarta, su lanƙwasa su haɗu a sama, sai baki ɗaya ya fito daga mahaɗar. Kamar likkafar sirdi take, kuma da likkafa masana ke kiranta, ko da yake maginanta ba su taɓa ganin doki ba. Ruwa na fita ta bututu ɗaya, iska na shiga ta ɗayan, ƙura ba ta samun hanya, abin da ke ciki ba ya saurin ƙafewa a wannan ƙasa mai hamada, sannan ga mariƙi da za a rataya. Wannan siffa ta yi sama da shekara 3,000 ana yinta. Dauloli sun tashi sun faɗi, buta mai likkafa tana nan har zuwan Turawa.

A Chavín de Huántar, cibiyar bauta da ta yi tashe tsakanin 900 da 200 kafin miladiyya, masani Luis Lumbreras ya buɗe wani lungu na ƙarƙashin ƙasa a shekarun 1960 ya iske ɗaruruwan tukwane, da yawansu daga garuruwa masu nisa masu ziyara suka kawo su. Adonsu haƙoran damisa ne, da macizai, da faratan shaho.

Shin ko kun san cewa akwai masu shafa launi bayan an gasa, akwai kuma masu shafawa kafin a gasa, kuma wannan bambanci kaɗai ya raba zamani biyu? Mutanen Paracas, a kudancin gaɓar Peru, sukan tsaga zane da tsinke a ɗanyen yumɓu, su gasa, sannan su cike tsakanin layukan da garin launi da aka kwaɓa da ƙaron itace. Launin yakan fito rau, ja da rawaya da kore, amma ba ya jure ruwa da guga. Magadansu, mutanen Nasca, su suka warware matsalar. Suka riƙa dama ƙasa mai launi da ruwa har ta yi kamar kunu, su shafa kafin wuta, launin ya zama jiki ɗaya da tukunyar. Ja da rawaya daga ƙasa mai sinadarin ƙarfe, fari daga farar ƙasa, baƙi daga manganis. Tukunya ɗaya tana iya ɗaukar launuka har 12, kowane an kewaye shi da baƙin layi. Babu wata al'umma a tsohuwar Amurka da ta kai su yawan launi a yumɓu. Shuɗi da kore ne kawai suka gagare su, don wuta ba ta barin su.

Abin da Nasca suka zana a tukunya shi suka zana a ƙasa. Shahararrun zane-zanen nan na hamadar Nasca da sai daga sama ake ganinsu sosai, ɗan tsuntsu mai tsotsar furanni da biri da ƙaton kifin teku mai farauta, irinsu na nan a jikin kwanoni da butoci masu baki biyu. Tsingaron da aka tsinta a kan layukan yana cikin abin da ya taimaka aka gane zamanin da aka yi su. Har ganguna da ƙahoni da sarewa mai jerin bututu suka gina da yumɓu. Wani adon kuma ba ya da daɗin kallo: yankakkun kawunan mutane, an ɗinke leɓe da ƙaya, an huda goshi an zura igiya. An tono irin waɗannan kawuna na gaske, daidai yadda aka zana su.

Yanzu mu zo kan Moche, inda na fi son in daɗe. Sun rayu a kwaruruwan arewacin gaɓar Peru daga wajen shekara ta 100 zuwa 800 miladiyya. Shin ko kun san cewa sun gina butoci masu fuskar mutane na gaske? Ba fuskar kowa-da-kowa ba, fuskar wani takamaiman mutum: tudun kunci, faɗin hanci, tamojin goshi, yadda ya ɗaure rawaninsa na saƙa ya zagayo da shi ƙarƙashin haɓa. Akwai mai murmushi, akwai wanda ya haɗe rai, akwai mai ido ɗaya. Kusan dukansu maza ne manya. Da mazubi mai ɓari biyu ake yinsu, gaba da baya, a danna yumɓu a kowane ɓari sannan a haɗe, a shafe mahaɗar da yatsa. Don haka fuska ɗaya kan fito sau da yawa, sai dai a canza rawani ko kwalliya.

Masani Christopher Donnan na Jami'ar Kalifoniya ya yi shekaru yana tara hotunan waɗannan butoci daga gidajen tarihi na duniya, sai ya lura da wani mutum mai tabo a leɓensa na sama. Tabon ya bayyana a butoci fiye da 40. A wasu yaro ne da bai wuce shekara goma ba, a wasu saurayi, a wasu magidanci da ya haura talatin. Wato mutum ɗaya magina suka yi ta bi suna ɗaukar kamanninsa tun yana yaro. Ba a san sunansa ba, amma in yau ya shigo ɗaki za a gane shi. Wasu mutanen kuma an gansu a buta ɗaya cikin ado da 'yan kunne na sarauta, a wata butar ga su tsirara da igiya a wuya, an kama su a yaƙi. Wannan shi ya fi taɓa ni a duk tukwanen Andis: maginin bai ɓoye faɗuwar babban mutum ba.

Bai ɓoye cuta ba kuma. Akwai makaho yana busa sarewa, akwai mai yankakkiyar ƙafa da ɗan kofi a kan dungulmin, akwai wanda ciwo ya cinye wa hanci da leɓe. Likitoci sun duba wasu sun gane alamun cutar lishmaniya, wadda wani ɗan ƙuda ke yaɗawa har yau a can. Akwai mace a durƙushe tana haihuwa, wata ta tallafe ta daga baya, ungozoma a gaba tana tarbar kan jariri.

Ban da ginin siffa, Moche na da zanen siririn layi, ja a kan ruwan madara, da ke zagaye buta kamar labari. Masu gudu riƙe da 'yan jakunkuna na wake mai ɗigo-ɗigo, wanda masani Rafael Larco Hoyle ya yi zaton wani irin rubutu ne. Masunta a kwale-kwalen ciyawa, irin wanda har gobe ake shiga teku da shi a Huanchaco. Akwai ma zanen da kayan yaƙi da kayan saƙa suka yi hannu da ƙafa suka juya wa mutane baya suna korarsu.

Shin ko kun san cewa wani zanen da aka ɗauka tatsuniya ce ya zama gaskiya? Zanen na nuna fursunoni ana yanka su, ana tarar jininsu a kofi, ana miƙa wa wani mai hular kwano da wuƙa mai siffar jinjirin wata a kai. Kusa da shi wani mai fukafukan tsuntsu, sai wata mace mai kitso biyu da dogayen tuntaye biyu a hularta. Masana suka ce ai labarin gumakansu ne. A 1987 masani Walter Alva ya tono kabarin Sarkin Sipán a Huaca Rajada, sai ga mamacin da irin wannan hula da irin wannan kayan ado da sandar da ke cikin zanen. Wani kabarin kusa ya fito da mai kayan tsuntsun. A 1991, a San José de Moro, Donnan da Luis Jaime Castillo suka tono matar, da tuntayenta biyu, da kofin a gefenta. Bayan 'yan shekaru aka samu ƙasusuwan gomman samari da aka yanka a Huaca de la Luna. Abin da aka zana, an aikata shi.

Ga wani abin da ya shafe mu kai tsaye. Gyaɗa 'yar asalin Amurka ta Kudu ce, haka rogo da dankali, sannan masara da barkono su ma daga nahiyar Amurka suka zo mana. Moche sun gina butoci masu siffar gyaɗa, har da wata gyaɗar mai kan mutum tana busa sarewa, da na rogo, da na masara wadda ake danna zangarniyar gaske a yumɓu don a fitar da mazubinta. Sarkin Sipán da abin wuya na gyaɗa 20 aka binne shi, 10 na zinariya, 10 na azurfa. Ƙarni da yawa bayan haka fataken Fotugal suka tsallako da irin zuwa Afirka, har ta kai ga dalar gyaɗa a Kano.

Kun taɓa jin tukunyar da ke fito? Ciki biyu gare ta, bututu ya haɗa su ta ƙasa. A zuba ruwa a ɗaya, a karkata, ruwan ya kwarara ɗayan ya tura iska ta wani ɗan usur da aka ɓoye a kan tsuntsu ko biri da ke samanta. Sai ka ji kuka. Mutanen Chorrera na Ikwado sun yi irinta tun kafin miladiyya, Vicús da Moche da Chimú suka ɗora.

Wasu kuma da hayaƙi suke zane. A Recuay, can cikin tsaunuka, inda suke da farar ƙasa mai kyau, da Vicús a yankin Piura, sai a rufe wasu sassan tukunya da danshin yumɓu, a sa ta a hayaƙi, inda ba a rufe ba ya yi baƙi. A kankare rufin, zanen ya fito da launin asali.

Shin ko kun san cewa mafi kyawun tukwane wani lokaci don a fasa su aka yi su? Daular Wari, wadda ta yi mulki daga Ayacucho tsakanin 600 da 1000 miladiyya, tana gina manyan randuna masu zanen abin bautarsu riƙe da sanda a kowane hannu. Bayan biki sai a rotsa su da gangan a binne a rami. A Pacheco, a kwarin Nasca, mutanen Julio C. Tello, wanda ake kira uban ilimin tonon tarihi na Peru, sun kwashe tsingaro kusan tan 3 a 1927. A tsibirin Pariti da ke tafkin Titikaka, masu tono daga Boliviya da Finlan sun samu irin wannan rami na mutanen Tiwanaku a 2004, suka harhaɗa ɗaruruwan tukwane daga tarkacen. A kan dutsen Cerro Baúl kuwa Wari na da gidan dafa giyarsu, cica, wanda aka ƙiyasta yana fitar da lita kimanin 1,800 a dahuwa ɗaya. Alluran maƙala mayafi da aka tsinta a ƙasa sun nuna manyan mata ne ke aikin. Ranar da za su bar wurin suka yi shagalin ƙarshe, suka cinna wa ginin wuta, suka jefa kofunansu ciki.

Chimú, masu babban birnin Chan Chan da aka gina da tubalin ƙasa, baƙar tukunya suka fi yi. Baƙin ba shafe ba ne. Idan wuta ta kusa gamawa sai a toshe ta, iska ta daina shiga, hayaƙi ya ratsa yumɓun. Sun yi amfani da mazubi fiye da kowa, tukwane suka yawaita, kuma a ganina kyau ya ragu: in ka ajiye ta Chimú kusa da ta Moche za ka ga gaggawa a jikinta. Abin da ke burge ni a nasu shi ne ɗan birin nan da suke maƙalawa a gindin bakin buta. Inka suka ci su da yaƙi wajen 1470.

Inka ba su damu da fuska ba. Adonsu layi ne da murabba'i da dala-dala da wani zane mai kama da reshen ganye. Tulunsu, urpu, dogon wuya gare shi, gindi mai tsini, hannuwa biyu can ƙasa, da ɗan ƙulli mai siffar kan dabba a kafaɗa. Igiya ake zurawa ta hannuwan a ratso ta kan ƙullin a goya tulun a baya. Tsinin gindin kuma a kafa shi a rami, a karkata a tsiyaya ba sai an ɗaga ba. Daga Ikwado har Cile da Ajantina siffar ɗaya ce, don gwamnati ce ke shayar da masu aikin gayyar dole, kuma duk wanda ya ga tulun ya san abin shan wa yake sha. Kofunansu bibbiyu ake yi, ɗaya na mai gida, ɗaya na baƙo. Titu Cusi Yupanqui, ɗan ɗan'uwan Sarki Atahualpa, ya ba da labari a 1570 cewa da Sifaniyawa suka iso Cajamarca a 1532, sarkin ya miƙa wa ɗayansu abin sha a kofin zinariya, shi kuwa ya zubar a ƙasa, ran sarki ya ɓaci ƙwarai.

Shin ko kun san cewa da tukwane ake lissafin zamunnan Peru? Bajamushe Max Uhle ne ya fara, a Pachacamac a 1896, da ya lura cewa irin tukwanen da ke can ƙasa daban ne da na sama, na ƙasa kuma ya riga. Wannan ne ya sa ɓarnar masu haƙar kaburbura, waɗanda ake kira wakero, take da ciwo. Suna yawo da dogon tsinken ƙarfe suna soka ƙasa, in suka ji ya taɓa yumɓu su haƙa. Su ɗauki mai kyau, su watsar da ƙashi da tsumma. Tukunyar da aka raba da kabarinta za ta yi kyau a falon attajiri a Turai, amma ba za ta ƙara gaya wa kowa waye mai ita ba, ko yaushe ya rayu. Sipán kanta ɓarayi ne suka riga shiga a watan Fabrairun 1987, sai da 'yan sanda suka kira Alva cikin dare. Mu da muka ga abin da ya samu siffofin Nok a kudancin Kaduna mun san wannan ciwo. Kayan Machu Picchu da Hiram Bingham ya kwasa zuwa Jami'ar Yale tun 1912, waɗanda tsingaro ya fi yawa a cikinsu, sai a 2011 da 2012 suka koma gida.

Wanda Allah ya kai Lima, gidan tarihin Larco, wanda Rafael Larco Hoyle ya kafa a 1926 yana ɗan shekara 25, yana barin baƙi su shiga har ɗakin ajiya, inda dubun-dubatar tukwane ke jere a kanta tun daga ƙasa har rufi, an ware su iri-iri: tsuntsaye nan, kifaye can, fuskoki a wani layi. Sana'ar kuma ba ta mutu ba. A garin Chulucanas da ke Piura, magina sun nazarci tukwanen Vicús suka farfaɗo da zanen hayaƙi. Har yau da katako da dutse suke bugun yumɓu, da tsakuwa suke guga, hayaƙin kuwa na busasshen ganyen mangwaro ne. A 2006 gwamnatin Peru ta yi wa sunan rajista, ta yadda tukunyar da ba a can aka gina ta ba, ba ta da ikon amsa sunan Chulucanas a kasuwa.